Yadda Ake Nuna wa Ɗalibai Cin Abincin Tauraron Teku da Bushiyar Teku a Garin da Babu Teku

Akwai darasi ɗaya a bayolojin SS1 da kusan dukkanmu malaman Zariya muke wucewa a guje, wato dangin dabbobin teku masu ƙaya a fata, waɗanda littafi ke kira Echinodermata. A rubuta sunan a allo, a jero siffofi huɗu ko biyar, a zana tauraro da alli, sai a zarce zuwa masu ƙashin baya. Ban ga laifin kowa ba. Dangin nan sun kai nau'i kusan 7,000, amma babu ko ɗaya da ke zama a ruwan daɗi. Ko da za ka tace Kubanni da Galma da madatsar Shika har ƙasa, ba za ka samu ba. Yaron da ya tashi a Tudun Wada ko Kwarbai, abin teku da ya taɓa riƙewa bai wuce wuri ba, shi ma a jikin ƙwaryar ado ta kakarsa.

Ni ma haka na yi ta yi shekara da shekaru, har ranar da wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to wai ta ina yake ci?" Na juya na kalli zanen da na yi, tauraro mai hannu biyar babu baki babu ciki, na rasa inda zan ɗora yatsa. Tun daga nan na sauya tsarin darasin gaba ɗaya. Yanzu loma muke bi. Kowace dabba tambaya uku muke yi mata: ina bakin yake, a ina abinci ke narkewa, ta ina saura ke fita. Ga yadda nake yi, a zama biyu na awa ɗaya da rabi kowanne.

Sunayen da nake kiransu da su a aji su ne tauraron teku, bushiyar teku, kokwambar teku, tauraro mai gautsi da furen teku. Sunayen da za su rubuta wa WAEC da NECO suna cikin littafinsu, sai sun ga abin da ido nake ɗora musu sunan a kai.

Mataki na 1: Samo dabbar da kayan aiki

Kana buƙatar tauraro ɗaya da bushiya ɗaya da aka adana cikin ruwan magani. Busasshe irin na ado yana da amfani wajen duba waje kawai, don cikinsa ya riga ya ƙafe. Fara da kabad ɗin ɗakin gwajinku. Nawa na farko a can na tsince shi, a bayan kwalbar kwaɗi, takardar jikinsa ta koɗe har ba a iya karantawa. In babu, sa shugaban makaranta ya rubuta takarda zuwa sashen nazarin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, a nemi aro ko shawarar inda ake saye. Masu sayar da kayan ɗakin gwaji ma suna iya yo oda daga Legas, kuma in kuɗin ya yi nauyi makarantu biyu ko uku su haɗa. Ka nemi tauraron da ya kai faɗin tafin hannu, in da hali nau'in Asterias, domin zanen da ke yawancin littattafai nasa ne. Kuma lallai ka tambayi ruwan da aka zuba shi a ciki, fomalin ne ko sifirit.

Sauran kayan duk ana samu a Sabon Gari: safar hannu ta roba, ƙaramin almakashi mai tsini, babban almakashi ko guntun zarton ƙarfe, matsefata, fil, faranti mai zurfi, gilashin ƙara girma, gorar ruwa ta roba, balan-balan, sirinji marar allura, abarba ɗanya, binega, da ruwan Hypo ko Jik. Sai ƙumba, wato halittar nan mai ɓawo biyu kamar faifai a kan faifai da masunta ke tsinta a bakin kogi. Ɓawon ma kaɗai ya isa. Abu na ƙarshe daga gida zai fito, romon ƙafar saniya. Za ka ga amfaninsa.

Mataki na 2: Wanke shi tun jiya

In a fomalin yake, ka fitar da shi kwana guda kafin darasi, ka jiƙa a bokitin ruwa, ka sauya ruwan sau uku ko huɗu. Fomalin yana cin ido da hanci da maƙoshi, kuma yawan shaƙarsa cuta ne. Ranar darasi a buɗe tagogi duka ko da hunturu ake, kowa mai taɓawa ya sa safar hannu, mai asma ya zauna kusa da ƙofa. Ruwan kwalbar kada ka zubar, rufe shi ka ajiye.

Mataki na 3: Bari su nemo bakin da kansu

Ɗora tauraron a faranti, bayansa a sama kamar yadda yake zama a teku, ka ce su nuna maka baki. Kada ka taimaka. Kusan kullum za su nuna wani ɗan tabo mai kama da maɓalli da ke gefen tsakiya, tsakanin hannuwa biyu. Ba su gilashi su duba. Za su ga 'yan tsaga-tsaga a kansa. Wannan ba baki ba ne, rariya ce, ƙofar hanyoyin ruwa na cikin jikinsa. Daga ita bututu ke sauka zuwa wani zobe da ya kewaye baki, daga zoben kuma bututu ɗaya ya shiga kowane hannu.

Yanzu kife shi. Ga baki nan a tsakiya, a ƙasa, yana kallon dutse. Babu haƙori, babu muƙamuƙi, fata ce mai taushi da rami. Daga bakin kwari ya tafi har ƙarshen kowane hannu, cike da ɗaruruwan 'yan ƙafafu masu kama da taliya. A Asterias layi huɗu ne a kowane kwari, a wasu nau'o'in layi biyu. Dubura kuwa tana can sama a baya, kusa da tsakiya, ƙanƙanuwa ƙwarai, sau da yawa ko da gilashi ba a ganinta. Abin da ke fara ba yara dariya ke nan, baki a ƙasa, mafita a sama.

Don su gane yadda ƙafar ke aiki, yanke yatsa ɗaya na safar hannu, ɗaure shi a bakin sirinji mai ruwa. Tura, yatsan ya miƙe. Ja baya, ya lanƙwashe. Kowace ƙafa tana da 'yar jakarta a cikin jiki da ke matso mata ruwa haka. A dā ana cewa tsotsa ce ke manna ƙafar da dutse. Bincike na baya ya nuna galibin aikin na wani gam ne da tafin ƙafar ke fitarwa, da wani sinadarin daban da ke sakinsa. Tauraron ba shi da ƙwaƙwalwa. Zoben jijiya gare shi a kewayen baki, da ɗan ɗigon ido a ƙarshen kowane hannu, abinci kuma da ƙanshi yake gano shi a cikin ruwa.

Mataki na 4: Yadda yake cin ƙumba

Nan ne zuciyar darasin, nan nake kashe rabin zaman farko.

Miƙa musu ɓawon ƙumba, su ga tabon da ke ciki inda tsoka take manne. Da tsokar nan ƙumba ke rufe kanta, kuma duk wanda ya taɓa gwada buɗe mai rai da farce ya san ba wasa ba ne. Tauraron yana hawa kanta ya yi doro, ya juya ta har bakin ɓawon ya daidaita da nasa bakin, ya manna ƙafafu a ɓawon dama da na hagu, sai ya fara ja. Ba fizga yake yi ba. Ja ne a hankali da ba ya yankewa.

Kira yaro mafi ƙarfi a ajin, ya haɗa tafukan hannunsa ya matse. Yara huɗu su riƙe hannun rigarsa ta dama da yatsu biyu-biyu, huɗu ta hagu, su ja sannu-sannu ba tare da sun saki ba. Ba a minti biyu sai ka ga haske tsakanin tafukan. Wani yaro ya taɓa cewa daga baya, "Malam, ashe sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi har a teku." Na ce ya zauna, ya ci makinsa.

Sai ka tambaye su: wace irin ƙofa tauraron ke buƙata? Za su ware hannu. Ka ɗauko takarda guda ta A4 ka nuna musu kaurinta ta gefe. Tsaga ta kashi 1 cikin 10 na milimita kawai ta ishe shi, kusan kaurin takardar ke nan. Wani lokaci ma ba sai ya ja da yawa ba, don ɓawon wasu ƙumbobin ba ya haɗuwa ruf.

Abin da ke shiga ta tsagar shi ne tumbinsa. Tauraron yana da tumbi biyu, na ƙasa da na sama. Na ƙasan jaka ce mai laushi mai ninki-ninki, shi yake turowa waje ta baki, cikinsa ya koma waje kamar an zazzago aljihun riga. Ga yadda za ka nuna. Cika gora da ruwa kusan baki, tura balan-balan a ciki, ka naɗe bakinsa a kan bakin gorar ya kama gam. Matsa gorar. Balan-balan zai juyo ya fito waje. Saki, ya koma. Haka tsokokin jikin tauraron ke matsa ruwan da ke cikinsa, ruwan ya turo tumbi. Bambancin shi ne wajen komawa dabbar tana da jijiyoyi biyu a kowane hannu da ke riƙe da tumbin suna taimakawa a jawo shi. Masu bincike a Jami'ar Queen Mary ta Landan, ƙarƙashin Maurice Elphick, sun gano sinadaran jijiya da ke ba da umarnin nan. A 2013 suka bayyana wanda ke sa tumbin ya koma, a 2019 kuma wanda ke sa ya fito, kuma na fitowar ɗan'uwan sinadarin oksitosin ne, wanda ake yi wa mata allurarsa wajen haihuwa. Ɗalibai masu son aikin asibiti suna kama wannan da wuri.

Da tumbin ya lulluɓe naman ƙumbar, sai ya zubo sinadaran narkarwa a kansa. Naman ya zama kamar kunu tun yana cikin ɓawonsa, 'yan gashi ƙanana da ke jikin tumbin su kwashe shi zuwa ciki. Aikin yana ɗaukar sa'o'i da dama. In ya gama ya janye tumbi ya tafi, ya bar ɓawo biyu fes kamar an wanke.

Nan romon ƙafar saniya ke shigowa. Tun daren jiya ka tace shi, ka kwashe man, ka zuba a murfin kwalba uku ya daskare. A na farko ɗiga ruwan abarba ɗanya, a na biyu ruwan abarbar da ka tafasa ya huce, na uku ruwa zalla. Ajiye su a inuwa tun farkon darasi. Kafin a tashi, saman na farko zai zama ruwa, sauran biyun suna nan daskare. Abarba tana da sinadarin da ke yanka furotin, tafasa kuma tana kashe shi. Ka gaya musu gaskiya cewa ba shi ne na tauraron ba, aikinsu ne iri ɗaya. Su kansu 'yan matan ajin za su tuna maka da ɗanyar gwanda da ake sa wa nama mai tauri. Gargaɗi ɗaya: wannan gwaji na safiyar hunturu ne. Na taɓa yin sa a watan Afrilu, kafin in gama kiran suna duka ukun sun narke, yara suka ce ruwa ma yana narkar da nama. In dole sai da zafi, sa murafen a kan ƙanƙara cikin kula.

Kada su tafi da zaton duk taurari haka suke ci. Masu zama cikin yashi irin su Astropecten da Luidia haɗiye abin suke yi ɗungurungum, su narkar a ciki, su tofar da ɓawo ta baki. Wani kuma mai hannuwa da yawa, Acanthaster, yana shimfiɗa tumbinsa a kan murjani mai rai ya narkar da shi ya bar farin dutse, har ya zama annoba a babban shingen murjani na Ostireliya.

Mataki na 5: Feɗe tauraron

Da wannan nake buɗe zama na biyu. Mayar da shi bayansa a sama, zuba ruwa a farantin har ya rufe shi. Ruwan yana sa kayan ciki su taso su rabu, maimakon su manne kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Zaɓi hannun da ke nesa da rariya. Datse ƙarshensa kamar santimita 2. Sa tsinin almakashi ta nan, yanka gefen dama har gindin hannu, sannan gefen hagu. Tsinin ya riƙa kallon sama, kada ya nutse. Ɗaga fatar a hankali da matsefata, kana sakin 'yan zaruruwan da suka riƙe abin da ke ƙasa. Za ka ga abu biyu dogaye masu rassa, launin ƙasa-ƙasa ko kore-kore, sun cika hannun kamar ganyen zogale da aka jera. Waɗannan su ne jakunkunan narkarwa, biyu a kowane hannu, goma ke nan a tauraro mai hannu biyar. Su ke haɗa sinadaran narkarwa, su ke tsotse abincin, su ne kuma rumbu. Shi ya sa suke kumbura lokacin da abinci ya wadata, su motse lokacin da ƙwai ke girma. Ɗaga su gefe, a ƙasa kusa da gindin hannu ga jakar ƙwai, a tsakiya kuma ga tudu kamar ƙashin baya, da 'yan jakunkunan ƙafafu jere a gefensa kamar ƙwayar dawa. Tuna musu da sirinji.

Yanzu tsakiya. Yanka fatar a da'ira, amma ka kewaye rariya ka bar ta a wurinta. Ɗaga a hankali ƙwarai, domin ɗan guntun hanjin yana manne da fatar ta ciki, kuma nan ne kowa ke tsinka shi. In ka yi sa'a za ka ga 'yan jakunkuna ƙanana a jikinsa. Ƙarƙashinsa ga tumbin sama, siriri, mai kusurwa biyar. Daga kowace kusurwa bututu ya fita zuwa hannu ya rabu biyu. Sa yaro ya bi bututun da kan fil har jakar narkarwa. Ƙarƙashin wannan kuma ga tumbin ƙasa a tattare. Zura tsinken tsintsiya ta baki daga ƙasa, su ga ya ɓullo a cikinsa.

Sai su auna. Daga baki zuwa dubura bai fi kaurin yatsa ba, amma jakunkunan sun miƙe har ƙarshen hannuwa. Tambaye su dalili. Wanda ya ce ai ƙashi da ɓawo ba sa shiga ciki, don haka babu sauran da zai buƙaci dogon hanji, ya gane darasin.

Mataki na 6: Bushiya da fitilarta

Bushiyar teku makiyayiya ce. Gansakuka da ciyawar teku take kankara daga kan dutse, ko da yake ba ta ƙin mushe in ta samu. Mai cin ciyawa kuwa dole ya yi haƙori da dogon hanji, kamar yadda duk wanda ya taɓa wanke kayan cikin rago ya sani.

Kife ta. A tsakiyar ƙasa, cikin fata mai taushi, ga tsinin haƙora biyar farare sun haɗu kamar bakin matsefata. Aske ƙayoyin da ke kewayen cikinta da almakashi, sannan ka yanka ƙoƙon a da'ira ta wurin da ya fi faɗi, kamar mai raba ƙwarya. Buɗe a cikin ruwa, kaɗan-kaɗan, domin hanjin yana manne da ɓangarorin biyu. A na sama za ka ga jakunkunan ƙwai biyar, ruwan ɗorawa. Su ne abin da mutanen Japan da na bakin Bahar Rum ke ci da tsada. Yaranmu kan yamutsa fuska, sai in tuna musu da fara.

A na ƙasa ga abin da muka zo gani, wani gini na ƙashi mai ginshiƙi biyar, faɗi a sama tsini a ƙasa. Sunansa fitilar Aristotal. Masanin Girka Aristotal ne ya kwatanta bushiyar da fitila a littafinsa na dabbobi, wani masanin halittu mai suna Jacob Klein kuma ya laƙaba wa wannan gaɓar sunan a 1734. In ka ɗaga ta kusa da fitilar ƙwai da aka cire wa gilashi, yara za su ga kamar. Kowane ginshiƙi yana riƙe da haƙori ɗaya. Tsokoki suna buɗe su, su rufe su, su turo fitilar waje, su karkata ta gefe. Kama haƙori ɗaya daga sama ka zaro. Za ka yi mamakin tsawonsa, lanƙwasasshe ne, ƙasansa tauri, samansa laushi. Ta saman nan yake girma kullum, yayin da ƙasan ke cinyewa a kan dutse, kuma yadda yake ɓarewa ne ke wasa shi. Akwai nau'o'in da ke haƙa rami a dutse da haƙoran nan su zauna a ciki.

Bi loma. Maƙogwaro ya ratsa tsakiyar fitilar ya fito ta sama. Daga nan hanya ta kewaye cikin ƙoƙon sau ɗaya, ta juya ta sake kewayawa ta ɗaya hannun, sannan ta hau zuwa dubura a ƙololuwa. Zagayen farko ne ke fitar da yawancin sinadaran narkarwa, na biyu ya fi tsotsa. Duba gefen ciki na zagayen farko da gilashi, akwai wani siririn bututu da ke tafiya tare da shi. Ana ganin aikinsa shi ne ya ɗauke ruwan da aka haɗiya ya wuce da shi gaba, don kada ya tsinka sinadaran. Tsaga hanjin kaɗan. Za ka ga 'yan dunƙule-dunƙule kamar ƙwayar gero. Bushiyar tana cura abincinta da yauƙi tun daga maƙogwaro, kuma a haka yake fita.

In kana son ajiye fitilar, yanke fatar da ke kewaye da haƙoran da tsokokin da suka ɗaure ta, ka ɗauraye ta sosai da ruwa, sannan ka tsoma a Hypo awo 1 cikin ruwa awo 10, kana tsaye a kanta. Da naman ya saki, cire ka ɗauraye. Ni ta farko na bar ta ta kwana a ciki. Da safe Baba mai kula da ɗakin gwaji ya tare ni a ƙofa da kofin a hannu ya ce, "Malam, fitilar taka ta mutu." Gutsattsari ne kwance a ƙasan kofin, duk abin da ya riƙe su ya narke. Kada kuma Hypo ya haɗu da fomalin ko binega, iskar da ke tashi guba ce. Binegar a wani murfi daban za ka sa ta, ka jefa guntun ƙaya a ciki, su ga kumfa na tashi. Alama ce cewa ƙashin dangin nan sinadarin alli ne.

Mataki na 7: Sauran ukun

Waɗannan da wuya ka same su, don haka bidiyo da zane za su yi. Sauke bidiyon a waya tun a gida, kada ka dogara da sabis a aji. Tambayoyin nan uku dai za ka maimaita.

Tauraro mai gautsi yana da muƙamuƙi biyar a bakinsa, tumbinsa jaka ce marar mafita, ba ta shiga hannuwa. Babu hanji, babu dubura, abin da ya rage ta baki yake dawowa. Furen teku ya juya lamarin, bakinsa sama yake kallo. Yana baza hannuwa masu kama da gashin tsuntsu a inda ruwa ke gudu, ƙafafunsa su cafke ƙananan halittu su jefa cikin kwari, 'yan gashi su gangara da su baki. Hanjinsa ya lanƙwasa ya dawo, dubura tana nan kusa da bakin.

Kokwambar teku ta fi jan hankalinsu. A kwance take, baki a gaba dubura a baya. Ƙafafun da ke kewaye da bakinta, tsakanin 10 zuwa 30, sun zama kamar yatsu. Tana dangwala su a yashi ko ta baza su a ruwa, sai ta cusa su baki ɗaya bayan ɗaya ta suɗe, kamar yaro da kwanon miya. Masu cin yashi suna narkar da abin da ke jikinsa su fitar da shi a baya. Da duburar take numfashi, tana zuƙo ruwa zuwa wasu gaɓɓai masu rassa. In an matsa mata, wasu nau'o'in suna amayar da hanjin gaba ɗaya, su toho sabo cikin makonni.

Mataki na 8: Tambayar minti goma na ƙarshe

Wani zai ce, "Malam, mu ina ruwanmu?" Ba shi labarin Robert Paine, wani masanin halittun teku. Daga 1963, a gaɓar jihar Washinton ta Amurka, ya riƙa ɓamɓare taurarin Pisaster daga wani yanki na dutse yana jefa su teku, ya bar yankin da ke kusa yadda yake. Kada ka faɗi sakamakon, su yi hasashe. Yawanci za su ce dabbobi za su ƙaru tunda an cire mai cinsu. Abin da ya wallafa a 1966 shi ne nau'o'in wurin sun sauko daga 15 zuwa 8, domin ƙumbar da tauraron ke ci ta mamaye dutsen ta kori sauran. Sai ka ƙara da na tekun Karibiyan, inda cuta ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na bushiyar Diadema a 1983 da 1984, gansakukar da take kiwo ta rufe murjani. Daga nan ka ce kowa ya rubuta misali ɗaya daga gona ko dajin garinsu, ya kawo gobe.

Mataki na 9: Adanawa

Abin da ka feɗe zai yi maka shekaru in ka kula. Mayar da fatar hannun a wurinta ka soke da fil, ka sa shi a kwalba mai faɗin baki. In daga fomalin ya fito, gara ka sauya masa zuwa sifirit, awo 3 da ruwa awo 1, domin fomalin da ya daɗe yana yin tsami ya ci ƙashin. Rubuta suna da kwanan wata da fensir a kan takarda mai kauri ka jefa cikin kwalbar, don biro yana wankewa, na waje kuma gara da ƙura suna cinye shi. Shafa basilin a bakin murfi, ajiye nesa da wuta da taga. Fitilar kuwa, in ta bushe, sa ta a kwalin ashana da auduga. Duk ƙarshen zango ka leƙa kwalbar, musamman bayan zafin Maris da Afrilu, in ruwan ya sauka ƙasa da hannun sama ka ƙara.